Daren da Muka Kusa Fasa Kilinik

'Yan'uwana ɗalibai, bari in fara da tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni. Ina cikin waɗanda suka tsaya a ƙofar kilinik ɗin makarantar nan a semestar da ta wuce, muna ihu muna dukan taga. Da bakina na ce wa matar da ke aiki a daren, "Ke wace ce? A kira mana likita!" Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin ya faru wajen ƙarfe ɗaya na dare, cikin hunturu, saura kwana huɗu a fara jarrabawa. Abokin ɗakina yana da asma tun yana yaro. Ɗan abin shaƙarsa mai launin shuɗi ya ƙare tun farkon sati, ya ce sai an turo masa kuɗi daga gida zai sayi wani. A daren ga hazo, ga ƙura, wani kuma ya kunna maganin sauro mai hayaƙi a ɗaki. Farkawa kawai muka yi muka gan shi zaune a bakin katifa, ƙirjinsa na fito kamar usur, ko sunana ya kasa kira har ƙarshe. Muka ɗora shi a mashin, mutum biyu suka saka shi a tsakiya, sauran muka bi da gudu.

Da muka isa, nas ɗaya ce tal a kilinik, sai mai shara da maigadi. Babu wuta. Ta sa maigadi ya tayar da ƙaramin janareta. Mu muna so a kwantar da shi, ita ta ce a zaunar da shi. Ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa, ta saurari ƙirjinsa, ta sa masa abin rufe hanci mai turara magani, ta haɗa masa iskar oksijin. Mu kuwa abin da muka sani shi ne allura da ƙarin ruwa. Da muka ga minti biyar ta wuce ba a tsira masa komai ba, sai muka ɗauka wasa take da ran mutum. Wani ya ce a yi masa allurar kashe ciwo. Ta ce ba za ta yi ba. Nan fa hayaniya ta kaure.

Ba ta kula mu ba. Ta kira likita a waya, ta karanta masa abin da ta auna, ta yi allurar da ya ce, ta rubuta takardar tura shi babban asibiti. Motar asibiti tana nan a fake, amma babu mai a ciki, direba kuma yana gida. Karo-karo muka yi muka ɗauki shatar Keke. A can, likitan da ya karɓe mu ya karanta takardarta, bai sake tambayarmu komai ba, ya ɗora daga inda ta tsaya. Abokina yana nan da ransa, har ya rubuta jarrabawarsa.

Bayan sati biyu na koma na ba ta haƙuri. Ta yi dariya ta ce, "Ƙanena, ai ku masu sauƙi ne, an taɓa jifana da takalmi." Daga nan na fara tambaye-tambaye da karance-karance, na kuma zauna da gwaggona wadda ta yi ritaya a aikin jinya. Abin da na fahimta shi ya sa na ɗauki biro. Ra'ayina a taƙaice: mun jahilci aikin nas, jahilcin nan yana iya cin ran ɗayanmu, kuma fushin da muke saukewa a kanta akwai waɗanda suka fi cancanta da shi. An bar jaki ana dukan taiki.

Wace ce nas?

A bakinmu, duk macen da ta sa fararen kaya ta iya tsira allura nas ce. A wurin doka abin ba haka yake ba. Akwai hukuma guda da ke da ikon cewa wane nas ne, wato Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, NMCN, wadda aka kafa da dokar soja ta 1979. Ita ke tantance makarantu, ita ke shirya jarrabawar ƙwarewa, ita ke ba da lasisi, kuma lasisin nan sai an riƙa sabunta shi duk shekara uku tare da shaidar cewa mutum ya ƙaro ilimi. In nas ta yi ganganci, majalisar na da ikon gurfanar da ita ta kuma soke lasisinta.

Kafin ta kai nan, ta yi aƙalla shekara uku tana karatun sassan jikin ɗan Adam, da yadda suke aiki, da ilimin magunguna, da cututtuka, tana kuma kwana a ɗakunan marasa lafiya. Aikinta shi ne ta auna mara lafiya ta gane halin da yake ciki: hawan jini, bugun zuciya, numfashi, zafin jiki, yawan oksijin a jini, sukari. Ta tsara kulawar da yake buƙata, ta ba da magani a kan ƙa'ida, ta wanke ciwo, ta sa ƙarin ruwa in da dalili, ta lura da ko yana samun sauƙi ko yana taɓarɓarewa, ta rubuta komai. Likita yakan zagayo ya duba ya wuce, ita ce ke tare da mara lafiya dare da rana. Galibi ita ke fara ganin alamar cewa abu na shirin lalacewa.

Ɗan abin da ta maƙala wa abokina a yatsa yawan oksijin yake aunawa. Ga mai asma, in ya yi ƙasa da kashi 92 cikin ɗari, ko mutum ya kasa ƙarasa jimla ɗaya a numfashi guda, to abin ya yi tsanani. Zaunar da shi da ta yi, don huhu ya fi samun sarari ne. Maganin da ta turara masa shi ke buɗe hanyoyin iska da suka tsuke. Ƙarin ruwan da muka nace a kai ba abin da zai buɗe. Allurar kashe ciwon da muka so a yi masa kuwa, irin su diclofenac da danginsa, akwai masu asma da take ƙara shaƙe wa ƙirji. Ashe da ta biye mana, wataƙila da hannunmu za mu ƙarasa shi.

Iyakar da ba ta tsallakawa

Kowane aiki yana da iyaka. Mu 'yan foli mun fi kowa sanin wannan. Wanda ya karanta wayarin ɗin gida ba ya hawa babban layin wuta don kawai ya iya riƙe filaya. Haka nas. Akwai abin da take yi da ikon kanta, akwai wanda take yi bisa rubutaccen umarnin da asibiti ya tanada don irin wannan hali, akwai kuma wanda sai likita ya ce. Tiyata, da yanke hukunci a kan cuta mai sarƙaƙiya, da wasu magunguna masu haɗari, ba hurumin nas ta gama-gari ba ne. Kiran da ta yi wa likita a daren nan, da muka fassara da rashin iya aiki, shi ne ainihin iya aikin. Ta san inda nata ya tsaya, ba ta kuma zauna jiran likita hannu rabbana ba.

Iyakar nan tana faɗaɗa gwargwadon horo. Tun 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito da tsarin raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya, saboda likitoci ba su isa ba, musamman a karkara. A ƙarƙashinsa ana horar da nas da ungozoma da ma'aikatan lafiya na al'umma su yi wasu ayyukan da a da ake jira sai likita. Ungozoma ƙwararriya tana iya fara ba mai jijjigar haihuwa magani, ta kuma tsayar da zubar jini bayan haihuwa, kafin a kai ga babban asibiti. A ƙauyukanmu da yawa, ita ce kaɗai tsakanin mai naƙuda da kabari. Amma ka lura da sharaɗin: horo, da izini, da wanda ke sa ido.

To a nan ne abin mamakin yake. Mu da muke raina nas mai lasisi, mu ne kuma muke miƙa hannunmu ga wadda ba ta da shi. Kowa ya san "Sistar" bayan makaranta, wadda ta yi wata shida tana taya wani mai kemis aiki. Zazzaɓi ya kama ka, a kira ta har hostal, ta rataye ledar ruwa a ƙusar da ake rataye riga, ta zuba allurai kala uku a ciki har ruwan ya koma ruwan ɗorawa, ba gwaji, ba tambayar ko akwai maganin da jikinka ba ya so. Muna son ta saboda ba ta taɓa cewa a'a. In jikin mutum ya yi gardama da maganin nan take, numfashi ya ɗauke, me take da shi a jakarta da za ta ceto shi? In ya mutu, wa za a kama? Wace majalisa za ta soke lasisin da babu shi? Wadda ta iya cewa "wannan ba zan yi ba" ita ce ta san abin da allura ke iya yi.

Mintunan farko

A harkar gaggawa lokaci shi ne komai. In zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Daga hostal ɗinmu zuwa babban asibiti, ko da babu cunkoso, an wuce haka nesa ba kusa ba. Ke nan duk wanda ya faɗi a makarantar nan, rayuwarsa tana hannun mutum biyu: wanda ke kusa da shi lokacin da ya faɗi, da nas ɗin da ke bakin aiki.

Akwai abin da ke yawan haddasa faɗa a asibiti, wato ka riga wani zuwa amma a shigar da shi a bar ka. A sashen gaggawa ba layin banki ake bi ba. Nas ce ke tantance wa ya fi kusa da halaka, galibi da launi: ja ga wanda ba zai iya jira ba, ruwan ɗorawa ga wanda zai iya ɗan jira, kore ga mai sauƙi. Mai ihu da kururuwa aƙalla yana numfashi. Wanda ya yi shiru, ya yi laushi, shi ne abin tsoro. In ka ga ta wuce ka da ciwon kanka ta nufi wani, ka gode wa Allah da ba kai ne na ja ba.

Ya kamata kuma kowane ɗalibi ya san haƙƙinsa. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti hana mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Akwai kuma dokar 2017 da ta wajabta wa asibitoci, na gwamnati da masu zaman kansu, su karɓi wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba, daga baya su sanar da hukuma. Dokar nan ta kuma ce kada a tsangwami wanda ya taimaka ya kawo shi. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta jami'an kiyaye haɗurra kuma 122. Ka ajiye su a wayarka yau.

Sai dai doka ba ta zuba mai a mota. Doka ta ce kada a hana ka kulawa, amma in tukunyar oksijin fanko ce, nas ba za ta hura maka iska daga aljihunta ba. A daren nan, cikin abubuwa huɗu da suka kusa kashe abokina, wato ƙarewar abin shaƙarsa, da hayaƙin ɗaki, da rashin wuta, da rashin mota, babu ko ɗaya da yake laifinta. Biyu namu ne, biyu na waɗanda ke karɓar kuɗin asibiti a hannunmu duk shekara lokacin rajista.

Namu kason

Makarantarmu ba ta masu alli da allo kaɗai ba ce. Muna da wakshop, da injinan yanka ƙarfe, da walda, da wayoyin wuta, da sinadarai a ɗakin gwaji, ga masu fita aikin koyon sana'a a masana'antu. Amma mutum nawa ne a ajinku suka san abin yi in wuta ta ja wani? Yawancinmu abin da muka gada shi muke yi. Mai farfaɗiya ya faɗi, a cusa masa cokali a baki, wasu su gudu wai kada yawunsa ya taɓa su. Wanda ya suma, a ɗura masa ruwa ko madara. Ƙuna, a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai. Wanda mashin ya kayar, a cicciɓe shi wuya na lilo.

Duk waɗannan ɓarna suke ƙarawa. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a tallafe kansa, kada a sa komai a bakinsa, in jijjigar ta lafa a juya shi gefe, in ta wuce minti biyar a nufi asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ba shi abin sha, don huhu zai tafi. Ƙuna, a sakar mata ruwa mai sanyi na kimanin minti 20. Jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannewa. Wanda wuta ta kama, a fara kashe wutar kafin a taɓa shi. Wanda ba ya amsawa kuma ba ya numfashi, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har taimako ya zo.

Karanta wannan a mujalla ba zai sa hannunka ya iya ba. Sai an gwada maka, ka gwada. Kuma masu koyar da shi suna nan cikin makarantar, su ne dai waɗanda muke yi wa ihu.

"Ai su ma ba su da kirki"

Na san abin da wani zai ce, don ni ma na sha faɗa. Akwai nas masu tsawa. Akwai wadda za ka shigo kana murƙususu tana danna waya. Iyayenmu mata suna da labarai marasa daɗi daga ɗakin haihuwa. Ba zan ce ƙarya ba ne, kuma gajiya ba ta halatta wulaƙanta mara lafiya. Wadda ta yi haka a kai ƙararta, da suna da rana da lokaci, a rubuce.

Amma mu yi adalci. Mace ɗaya, cikin dare, ga dubban ɗalibai, ba likita a kusa, ba wuta, ga samari goma sha a kanta kowa na ba da umarni. Wane ne a cikinmu zai iya lissafin adadin magani daidai a haka? Kuma in mun fasa taga mun kore ta, wa zai zauna gobe? Ƙorafi a rubuce yana iya gyara ma'aikaci ɗaya. Jifa da zagi kuwa nagarin suke fara kora, don su ne ke da inda za su.

Suna kuwa da inda za su. A farkon 2024 magatakardan NMCN, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa nas da ungozoma sama da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, sama da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. A watan Fabrairun shekarar majalisar ta fito da sabuwar ƙa'ida cewa sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance mata takardun fita waje, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A ƙarshen Yulin 2025 kuma ƙungiyarsu ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus, da tsarin albashi, da ƙarancin ma'aikata. Ni a ganina rufe ƙofa ba ya hana mai yunwa fita, ta katanga zai bi. A gyara albashi, a ɗauki ma'aikata, a sa kayan aiki, sannan a ga ko za su tafi.

Ga mai sha'awar aikin

Da yawanmu muna da ƙanne da ke shirin JAMB, wasunmu ma suna tunanin sauya layi bayan ND. Ga abin da ya kamata a sani. Ana buƙatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Hanya ta farko ita ce kwalejojin jinya, waɗanda yanzu ake mayarwa tsarin ND da HND na shekara huɗu a ƙarƙashin NBTE, hukumar nan mai hedikwata a Kaduna da ke kula da mu ma. Ta biyu ita ce digirin jinya na shekara biyar a jami'a, kamar ABU Zariya da Bayero ta Kano, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki. Kowace ka bi, ba ka zama nas sai ka ci jarrabawar majalisa. Kafin a biya ko kwabo, a tabbatar makarantar tana cikin jerin waɗanda NMCN ta amince da su. Makarantun bogi sun cinye kuɗin iyaye da shekarun yara ba adadi.

Bayan lasisin farko akwai fannonin ƙwarewa: agajin gaggawa da haɗurra, sa barci a tiyata, aikin ɗakin tiyata, kula da masu tsananin ciwo, yara, ƙoda, lafiyar al'umma. A Arewa ma akwai wuraren koyo, irin su asibitin ƙashi na Dala a Kano, da cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna, da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Akwai koyarwa, akwai bincike, akwai aiki da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji. Mai son fita waje zai tarar da jarrabawar Turanci da ta ƙwarewa kafin Ingila ta karɓe shi, Amurka na da tata, Saudiyya ma haka. A kula da dillalan da ke karɓar miliyoyi da sunan samo aiki. Nijeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa zuwa ana kwashe musu ma'aikatan lafiya, don haka duk wanda ya ce maka shi wakilin gwamnatin Ingila ne mai ɗaukar nas a nan, ka riƙe aljihunka.

Akwai gargaɗi ɗaya da mu 'yan foli muka fi kowa cancantar yi. Mun san bambancin da ake nuna wa mai HND a gaban mai digiri, a wurin ɗaukar aiki da ƙarin girma. Yanzu da aka shigo da jinya cikin wannan tsari, ƙannenmu za su iya tarar da irin bangon da muke karo da shi. Wanda ya bi ta kwaleji ya sa a ransa tun wuri cewa zai ɗora digiri, jami'o'i da dama har da jami'ar karatu daga gida, NOUN, suna karɓar masu lasisi. Mu kuma in muna fafutukar a kawar da bambancin HND da digiri, mu san cewa yanzu muna da sababbin abokan tafiya.

Sai maganar da ba a son yi. A gidajenmu da yawa ana hana 'ya mace karatun jinya, wai aikin kwana ne, wai ba na 'yar mutunci ba ne. Ranar da matar gidan za ta haihu kuma, a tayar da jijiyar wuya a ce lallai sai mace ce za ta duba ta. Daga ina macen za ta fito? Rufaida Al-Aslamiyya tanti gare ta a masallacin Madina tana jinyar waɗanda aka ji wa rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Maza ma aikin yana buƙatarsu. A sashen gaggawa da na ƙashi da na ƙwaƙwalwa nas maza suna da yawa, ba kuma wanda ya rage musu mazantaka. Ba na ce aikin hutu ne ba. Akwai kwana a tsaye, akwai jini, akwai haɗarin ɗaukar cuta. Lokacin da Ebola ta shigo Legas a 2014, cikin waɗanda suka rasu akwai nas Justina Ejelonu, tare da Dakta Stella Adadevoh. Mai neman kuɗi kawai ya nemi wata hanyar.

Abin da nake roƙon ƙungiyarmu

Shugabanninmu na ƙungiyar ɗalibai, ranku ya daɗe, kun iya shirya makon al'adu da gasar ƙwallo, mun gani mun yaba. Ga wasu abubuwa biyar da ba su kai waɗancan tsada ba.

Na ɗaya, ku nemi hukumar makaranta ta bayyana a rubuce nawa ake tarawa na kuɗin asibiti da inshorar lafiyar ɗalibai duk shekara, da abin da ake yi da shi. Haƙƙinmu ne mu sani.

Na biyu, a daina barin nas ɗaya a aikin dare. Aƙalla biyu, da likitan da aka san lambarsa kuma zai ɗauka.

Na uku, motar asibiti ta kwana da mai, direba ya kwana a makaranta. Daraktan walwala ya riƙa leƙawa duk sati yana duba mai, da oksijin, da wutar kilinik. Ɗan faranti mai amfani da hasken rana da batir ba su fi ƙarfin makarantar da ke koyar da haɗa su ba. 'Yan sashen lantarki ma za su iya ɗaukar wannan a matsayin furojet.

Na huɗu, a sa horon agajin farko cikin makon karɓar sababbin ɗalibai, nas-nas ɗin kilinik da 'yan Red Cross su koyar. Kowane bulok na hostal da kowane wakshop a samu mutum biyu da suka iya, da akwatin kayan agaji wanda ba fanko ba.

Na biyar, a buɗe hanyar kai ƙorafi da za ta yi aiki ta ɓangare biyu. Ɗalibin da aka wulaƙanta ya san inda zai je, ma'aikacin da aka zaga ko aka daka shi ma ya sani.

Mu kuma sauran, akwai namu. Mai asma, mai sikila, mai farfaɗiya, mai ciwon sukari, don Allah ka je kilinik ka buɗe kati, ka kuma faɗa wa abokin ɗakinka abin da zai yi in ciwon ya tashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ka bari maganinka ya ƙare kana jiran alat, ka yi magana a taimaka maka. In kun kawo mara lafiya, mutum ɗaya da ya san abin da ya faru ya shiga ya yi bayani, sauran su tsaya a waje.

Abokina yanzu abin shaƙa biyu yake ajiyewa, ɗaya a aljihu ɗaya a ƙarƙashin filo, maganin sauro mai hayaƙi kuma mun yi hannun riga da shi, gidan sauro muka saya. Sistar tana nan tana aikin dare, har yanzu ita kaɗai. Jiya da yamma na bi ta gaban kilinik na tambayi maigadi ko an zuba wa motar mai. Ya ce in je in tambayi na sama. To ga shi na tambaya.